Kajin da Ba Sa Mutuwa

Baba Mai Kaji ne ya fara gani, salatinsa kuwa shi ya tara mu. Da na isa ɗakin gwaji da ke bayan sashenmu, na tarar da ƙofar tsakiya a wangale. Ƙofar nan ita ta raba kajin da ke cin sabon abinci da masu cin tsoho, kuma tun suna 'yan tsaki ba a taɓa barin wata ta tsallaka ba. Yanzu ga su a cakuɗe, suna tonon garin katako hankali kwance. Na sunkuya na cafki ɗaya. Zoben roba mai lamba da muke sa musu a ƙafa babu shi. Na cafki wata, ita ma haka. An bi su ɗaya bayan ɗaya an yanke.

Kaza ba ta da suna sai zoben nan. In babu shi, ba mai iya cewa wannan me ta ci, balle a auna ta a gwada da abin da muka rubuta. Jibi kuma masu tantancewa daga wata jami'a za su zo don su yi hakan.

Dakta-Saura-Kaɗan yana zaune kan buhun abinci, ya dafe kai da hannu biyu. Gwajin nasa ne. Ya daɗe yana digirin dakta, duk wanda ya tambaye shi sai ya ce saura kaɗan, har sunan ya bi shi. A gaban idonsa Yaya muke ce masa. Ni ƙaramar ɗaliba ce a ƙarƙashinsa: shi ya auna, ni in rubuta in lissafa, daga ciki in fitar da kundin digirina na biyu.

"Sun kashe ni," yake ta faɗa. "Wallahi sun kashe ni."

Farfesa, mai kula da aikin Yaya, ya iso yana haki, ya tsaya daga bakin ƙofa da hankici a hanci. "Makulli nawa ne?"

"Uku, ranka ya daɗe," in ji Baba. "Nawa, da na Dakta, da na yarinyar nan."

"Wa ya fita ƙarshe jiya?"

"Ni ce," na ce. "Na duba ruwa, na kulle, na tafi."

Sai na kusa da ni suka ɗan ja da baya, kamar yadda ake yi wa mai ƙyanda.

*

Abin da ya sa idanu suka sauka kaina ba ɓoyayye ba ne. Uwar Gardama ake ce mini a sashen, ban kuma taɓa roƙon a canza ba. Kwanakin baya, a taron gabatar da sakamako, Yaya ya haska wa jama'a layuka biyu a bango: matsakaicin nauyin kajin sabon abinci a sama, na tsoho a ƙasa. Wakilin kamfanin da ya haɗa abincin, wanda muke kira Mai Jaka, har da tafi. Ni kuwa na ɗaga hannu.

Na ce, "A ɗakin tsohon abinci kaji bakwai sun mutu, wannan ba abin mamaki ba ne, haka kiwo ya gada. A ɗakin sabo, cikin ɗari ko ɗaya ba ta mutu ba. Ko dai abincin nan maganin ajali ne, ko kuma akwai abin da ba mu gani ba."

Aka yi dariya, ban da Farfesa. Maganar ta fita ta kai kunnen shugaban tsangaya, shi kuma ya gayyato masu tantancewa. Don haka da aka wayi gari zobba sun ɓace, lissafin mutane bai yi wuya ba: yarinya ta yi baki, ta ga za a zo a ƙaryata ta, sai ta ɓata shaida.

Shugaban tsangaya ya karɓe makullina, da kwamfutata, da katin shaidata. In babu katin nan masu gadi ba za su bar ni in fita ƙofar jami'a ba. Ya ce kullum in zo in zauna a bencin da ke bakin ofishin mai bincike, tun buɗe ofis har tashi. Sannan ya turo mini wata takarda.

"Ki sa hannu cewa sakaci ne, kin manta ƙofa a buɗe. Ki maimaita shekara, a rufe maganar. In kuwa kwamiti ya zauna, kora ce, kuma ba jami'ar da za ta ƙara ɗaukar ki."

"Ranka ya daɗe, sakacin ne ya bi kaji da almakashi?"

"Kin ga irinta ko? Bakin nan naki."

Na mayar masa da takardarsa ta kan tebur, kamar yadda ya turo ta.

*

Malamar ƙididdiga aka ɗora wa binciken, saboda duk sauran malamai sun ce suna da uzuri. Gajeriyar dattijuwa ce mai ciwon gwiwa, kullum da alewa a kumatu. Ɗalibai suna ce mata Mai Bin Sawu, don a darasinta na farko takan rubuta lamba ɗaya a allo ta ce, "Wannan sawu ne. Wani ne ya taka. Wane ne, daga ina, me yake ɗauke da shi?" Ajinta ba ya cika. Yawancinmu mukan ce kwamfuta ta hutar da mu daga irin waɗannan tambayoyi.

Ƙofar ofishinta ta kumbura tun wata damina, ba ta rufuwa. Daga bencina ina jin komai.

Baba Mai Kaji ta fara kira.

"Baba, an ce kaji suna bin ka gida."

"Malama, a ƙirga su! In an rasa ɗaya a yanka ni a madadinta."

"An ƙirga, sun cika. Karanta mini ranar da ke jikin kalandar can."

Can ya ce da ƙaramar murya, "Yanar ido ce ta kama ni, Malama. Kwano da bokiti ina gani, sauran da hannu nake lalube. In Farfesa ya ji, aikina ya ƙare."

"Ni ma kunnena yana da yana. Ban ji komai ba. Je ka."

Mai Jaka ya shigo da ƙamshin turarensa. "Malama, ni me zan ci da ɓata gwajin da ya yabi kayana? Ai kin ga layin nan, sama yake."

"Na gani. Matsakaici bargo ne, Alhaji, yana rufe mai barci da gawa. Ka taɓa ɗaga shi?"

Bai gane ba, ya yi dariya don kar a ce bai gane ba.

Sai da ta aika sau biyu Farfesa ya zo. An ga motarsa a bayan sashe da yammacin ranar, kuma kowa ya san akwai yarjejeniya tsakaninsa da kamfani. Ni kaina shi na fara zargi. Ya ce tabaransa ya dawo ɗauka, ga shaidu, kuma ba shi da makulli.

"Yaushe rabonka da shiga ɗakin kajin, Farfesa?"

"Gashinsu yana tayar mini da mura. Ni sakamako ake kawo mini."

"Wato layuka biyu."

"Ba shi ne sakamakon ba?"

Na ji ta tauna alewarta, ƙaras.

Da Yaya ya shiga, sai ya marairaice. "Malama, ƙanwata ce, ni na koya mata yadda ake riƙe ɗan tsako. Yarinta ce da zafin kai. Ina roƙo a yi mata sassauci. Kajin kuma a sayar da su, tunda ba su da amfani yanzu. Ganinsu ma ciwo yake sa mini."

Da ya fito ya tsaya kaina, ya girgiza kai cikin tausayi. Na dube shi ido cikin ido har sai da ya wuce.

*

Ni ce ta ƙarshe.

"Ke kika yanke?"

"A'a."

"Ban tambaya don in yarda ba, ƙa'ida ce. Faɗa mini yadda kuke awo."

Na gaya mata. Duk mako Yaya yakan kamo kaza, ya zura kanta ƙasa cikin mazurarin da ke kan sikeli don kar ta yi fuffuka, ya karanto lambar zobe da nauyi. Ni ina tebur a bakin ƙofa ina rubutawa.

"Ke da kike da bakin tambayar farfesoshi, kin taɓa duban fuskar kaza ɗaya a cikinsu?"

"Aikina alƙaluma ne, Malama."

"Na ji." Ta jawo aljihun tebur, ta fito da kwafin duk awon da muka yi, da ƙunshin takardun zane masu gida-gida, da fensir. "Zaman banzan da kike yi a bencina yana ba ni haushi. Ki ja wa kowace kaza layinta ita kaɗai, mako bayan mako. In kika kawo mini matsakaici, da shi zan jefe ki."

Na yi aikin a kan cinyata, da guntun katako a matsayin tebur. Barandar ba taga, sai ƙwan lantarki guda da ke ƙyaftawa. Ɗalibai suna wucewa, masu gaishe ni da can sai su ga wani abu a wayarsu daidai lokacin. Wadda muke ɗaki ɗaya da ita ta kwashe kayanta ta koma wajen wata ƙawa, wai zafi ya yi yawa. In an tashi nakan taka har ƙofar jami'a, in tsaya daga ciki ina kallon motoci, sai mai gadi ya fara gyaran murya in juyo. Ban yi kuka a barandar nan ba ko sau ɗaya. Wanda duk ya zo kallon hawayena, ƙeyata ya gani a kan takarda.

Mahaifina ya kira. Tsohon malamin firamare ne, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

"Uwata, ki sa musu hannu kawai. Shekara ɗaya ba mutuwa ba ce. Kowa ya yi haƙuri shi ke da riba."

"Baba, kai ka hana ni sa hannu a abin da ban karanta ba. Wannan na karanta, ƙarya ce."

Can ya ce, "Kina cin abinci dai?"

"Ina ci."

"Wannan ma ƙarya ce. Je ki ci."

*

Yawancin layukan hawa suke yi a hankali, kamar matakala. A ɗakin tsohon abinci wasu sukan tsaya, su sunkuya, su ƙara sunkuyawa, sannan su yanke. Su ne bakwai ɗin da suka mutu. Da na koma ɗakin sabon abinci sai na ci karo da wata mai lamba talatin da huɗu. Layinta ya tsaya, ya sunkuya, ya ƙara sunkuyawa, daidai irin na matattun can. Sai a mako na gaba ya yi tsalle ya wuce kan 'yan'uwanta duka.

Na ɗauka kuskuren fensirina ne. Na goge na sake. Yana nan. Na ci gaba, na sami wata, na sami wata. Kafin in gama sun kai goma sha ɗaya.

Na shiga ofis ba sallama, na baza takardun.

"Me kika gani?" in ji Mai Bin Sawu.

"A ɗakin tsoho, layin da ya sunkuya yakan yanke. A ɗakin sabo, tashi yake daga kabari."

"Ban da waƙa. Faɗa da kyau."

"Zobe ɗaya ne, kaji biyu. Ta mutu, an zare zobenta an sa wa wata."

"Wannan zato ne, amma zato mai ƙafa." Ta dube ni ta saman tabarau. "Kar ki yi murna. Ke ma kina da makulli. Abin da kika gano bai wanke ki ba, ya dai ƙara wa laifin girma."

Ta ɗauki sandarta. "Taso. In wata aka kawo daga waje, ai ba a cikin takarda take ba."

An hana ni shiga ɗakin kaji, don haka na tsaya bayan ragar waya, mai gadi a gefena. Ita ta zauna kan bokitin da aka kife, Baba yana lalubo kaji yana miƙa mata. Ta duba ƙafa, ta buɗa fiffike, ta hura gashin ƙirji, ta saki. Duk farare ne, duk sa'annin juna. Rana ta take, zufa tana ɗiga daga haɓarta, ba ta sami komai ba. Sai wata ta kai mata sara a bayan hannu. Ta dubi hannun, ba ko ƙwarzane. Ta kama kan kazar ta juya shi.

"Ke, Uwar Gardama. Matso ki ga fuskar lambarki."

Ta manna kazar jikin raga. Tsinin bakinta a datse yake, da ɗan baƙin tabo inda ƙarfe mai zafi ya taɓa. Masu gidajen gona suna yi wa kajin ƙwai haka tun suna ƙanana don kar su riƙa sarar juna. Mu kuwa dokar gwajinmu ta hana, saboda yana canza yadda kaza take ci. Wata biyu ina rubuta nauyin wannan kazar, kanta a cikin mazurari, ban taɓa ganin bakinta ba.

Suka sake bin kajin tun daga farko. Duk mai datsattsen baki ta ɗiga mata shuɗin tawada a ƙarƙashin fiffike ta saki. Da suka gama ta ɗago.

"Nawa kika samu a takarda?"

"Sha ɗaya."

"Haka nan." Ta juya wajen Baba da mai gadi. "Yau ba ku ga komai ba. Kuma ba mai sayar da kazar nan ko ɗaya sai kwamiti ya zauna."

*

Daga ranar ofishinta ya zama a rufe, gwargwadon yadda ƙofar take rufuwa. Da safe in ji tarin tsohuwar motarta tana fita, da yamma ta dawo da laka a taya. Ba ta ce mini komai, ni kuma girman kai ya hana ni tambaya. Ba aiki, ba muryoyi, sai ni da benci da ƙwan da ke ƙyaftawa.

Na riga na san wane ne. Makulli uku ne, Baba ba ya ganin zobe, ni kuma na san hannuna. Amma sani ba shaida ba ne. Shi ne wanda aka yi wa ɓarna a idon kowa, ni ce mai baki. In an ɗora maganata da tasa a sikeli, na san inda zai rinjaya.

Ana gobe kwamiti zai zauna, Yaya ya zo da ruwan sanyi a gora ya ajiye kusa da ni.

"Ƙanwata, ki sa hannu. Na rantse zan tsaya miki, badi in ɗauke ki a sabon gwaji."

"Yaya, kajin nan da ba sa mutuwa, ni ma za ka ba ni abincinsu?"

Murmushinsa ya tsaya a rabi. Gorar tana nan har aka tashi, ta huce, na bar wa mai shara.

*

Ɗakin taron ƙarami ne, labule a sauke. Shugaban tsangaya a kan tebur, Farfesa a damansa, sai Mai Jaka da Yaya. Baba ya tsuguna kusa da ƙofa da babban kwando a rufe. Ni aka ba kujera ita kaɗai a tsakiya.

Mai Bin Sawu ta manna takarduna a bango da kanta, tana ɗingishi. Ta nuna layukan da suka yanke, ta nuna waɗanda suka yi tsalle. Sannan ta ce Baba ya buɗe kwando, ta ɗauko kaza ta ajiye gaban Farfesa.

"Ka yi haƙuri da murarka, ka dubi bakinta."

Ya duba, ya yi atishawa, ya sake dubawa. "Wannan ba tamu ba ce."

"Su sha ɗaya ne. Masu tantancewa da sun zo, kowace kaza za su riƙe a hannu, su ga baƙin nan duk a ɗaki guda. Shi ya sa aka yanke zobba aka buɗe ƙofa, aka kuma matsa a sayar."

Yaya ya buga tebur. "To ai ga shi! Ranka ya daɗe, ita ta shigo da su don ta tozarta ni. Shi ya sa ta san abin da za ta tambaya a taro. Wa ya zana takardun nan? Ba ita ba?"

Farfesa ya gyaɗa kai a hankali. Shugaban tsangaya ya dube ni, ya dubi takardar nan tasa da ke ajiye gabansa.

"Hakan ma zai yiwu," in ji Mai Bin Sawu.

Na ji kujerar tana neman nutsewa da ni. Na damƙe gefenta, na miƙe wuyana. In ma kora ce, da kaina a sama za su kore ni.

"Ranka ya daɗe, ina da baƙuwa a mota, zafi zai dame ta. Baba, shigo da ita."

Mace ce ƙatuwa mai gidan gonar kaji, da takalmin roba har ƙwauri. Ta shigo da sallama mai cika ɗaki. Kafin ta gama, kujerar Yaya ta kife baya, yana tsaye. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Matar ta washe baki. "A'a! Mai Sikeli! Ashe nan kake? Kwana biyu ka guje mu."

"Kin san shi?" in ji shugaban tsangaya.

"Wa zai manta shi, ranka ya daɗe? Duniya kowa ya zo sayen kaza, ɗaga ta yake a hannu ya ji nauyi, ya taɓa ƙirji, a yi ciniki. Wannan bawan Allah sai ya zaro ɗan sikeli daga jaka, ya auna ashirin kafin ya ɗauki ɗaya. In ta gaza da abin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, ya ce ba ita ba. Ma'aikatana in sun hango shi sai su ce ga mai auren kaza ya zo zaɓen amarya." Ta ƙyalƙyale, sai ta lura ita kaɗai take dariya. "Ko na yi ɓaranɓarama ne?"

"Waccan yarinyar fa?" Mai Bin Sawu ta nuna ni.

"Ban taɓa ganin ta ba. Amma a ba ta abinci, ta rame."

Yaya ya ɗaga kujerarsa ya zauna. Da ya buɗe baki, ba Farfesa ya kalla ba, takarduna ya kalla.

"Abincin yana aiki. Na san yana aiki. Waɗanda suka mutu raunana ne tun daga ƙwai, za su ja mini matsakaici ƙasa a banza. Gyara na yi, ba ƙarya ba. Kowa yana share abin da ya ɓata masa lissafi."

"Sha ɗaya a ɗakinka, bakwai a wancan," in ji Mai Bin Sawu. Ba ta ɗaga murya ba. "In ka cire baƙin da ka sayo, sauran ma ba su fi na tsohon abinci da komai ba. Wannan shi ne abin da kajin suka zo su gaya maka, kai kuma ka binne shi a bayan katanga. Da ka rubuta shi yadda yake, digiri ne sukutum. Da yanzu saura kaɗan ɗinka ya ƙare."

Mai Jaka ya ɗauki jakarsa ya fita ba sallama. Farfesa yana riƙe da kazar har yanzu, hanci yana zuba, ya manta da hankici.

*

Shugaban tsangaya ya mayar mini da katina da makulli da kwamfuta. "Ki yi haƙuri, 'yata. Amma ke ma ki rage baki."

"Ranka ya daɗe, a ba ni waccan takardar."

"Me za ki yi da ita?"

"Bayanta fari ne."

Ya miƙo mini. Awon da muka yi duk ya gurɓace, ba kundin da zai fita daga cikinsa. Shekarar da suka ce in maimaita sai da na maimaita ta. Amma ba da sa hannuna a kan ƙarya ba.

Ranar na nuna wa mai gadi katina, na fita ƙofar jami'a, na tsallaka titi, na tsaya ƙarƙashin wata bishiya. Ba inda za ni. Na kira mahaifina na ce masa ina waje, ya ce alhamdu lillahi har sau uku, sannan ya tambaya ko na ci abinci.

Da aka kawo sababbin 'yan tsaki, na janye teburina daga bakin ƙofa na kai shi tsakiyar ɗaki. Ni nake kamawa, in dubi ido da baki kafin in zura kai a mazurari. An yi wa Baba aikin ido, Mai Bin Sawu ce ta kai shi da motarta mai tari, kuma har yau Farfesa yana zaton hutu ya tafi.

Wata safiya a mako na biyu Baba ya same ni da wani abu a tafin hannu, ya yi sanyi, ƙafafu a miƙe.

"'Yata, mun yi asara. In kai ta bayan katanga?"

"A'a, Baba. Kawo ta nan."

Na karanta zobenta, na ɗora ta a sikeli. Na jawo takardar shugaban tsangaya daga aljihun tebur, na kifa ta, na ja layi a saman farin bayan. Na rubuta lambarta, da nauyinta, da ɗakin da ta mutu.